SUNA ƊAYA, LAMBA BIYU: WA ZAI BIYA KUƊIN ƘAURA?

 Yau ina so mu yi magana a kan wani abu da manya su ke cewa ya fi ƙarfin hankalinmu, wai sha'anin injiniyoyi ne, mu namu dai mu sayi kati mu yi shiru. To, ni ban yarda ba. Tun da ya zamana cinikin mai tumatir a Yankaba da na mai atamfa a Kantin Kwari ya rataya ga wayar hannu, mai saye ya tura kuɗi, mai sayarwa ya tsaya yana jiran saƙon banki kafin ya miƙa kaya, lalle duk abin da ya shafi hanyar da saƙon nan ya ke bi ya shafi tukunyar gidanmu. Mai ɗaki kuwa shi ya san inda ya ke masa yoyo.

Ga maganar a taƙaice. Intanet tana ƙaura daga tsohon tsarin lambobi zuwa sabo. An ɗaura kayan ƙaurar nan tun 1995, har yau ba a gama saukewa ba. Muddin ba a gama ba, kowane suna a intanet yana iya kasancewa da lamba biyu, tsohuwa da sabuwa, a tsakaninsu kuwa a kan yi ɓarin da ba a gaya mana. Ra'ayina shi ne, jan ƙafar da masu kamfanoni da mahukunta su ke yi a wannan ƙaura, talaka ne ke biyan kuɗinsa, kuma ya kamata a sa rana a ƙare.

YADDA SUNA KE ZAMA LAMBA

Ni akawu ne, aikina rajista, saboda haka bari in yi bayani da abin da na sani. In baƙo ya zo yana neman wani mutum, suna zai faɗa, ni kuwa sai in buɗe littafi in ce masa unguwa kaza, gida mai lamba kaza. Haka intanet ta ke. Mutum suna ya ke riƙewa, na'ura kuwa lamba ta sani. In ka rubuta sunan bankinka a waya, wayar ba ta san inda za ta dosa ba sai ta tambaya.

Da fari, sa'ad da na'urorin ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, littafi guda ne a wata cibiyar bincike a Kalifoniya ta Amurka, kowa ya kan kwafo shi. Da abu ya yi yawa, a 1983 wani masani mai suna Paul Mockapetris ya tsara a raba littafin hawa-hawa. Shi ne abin da a ke kira DNS, mu kuwa mu ce Rajistar Sunaye.

Ga yadda ta ke aiki. Wayarka ta kan tura ɗan aike, watau wata na'ura ta kamfanin da ya sayar maka da layi. Ɗan aiken ya tafi wurin manyan akawuna na tushe, waɗanda su ke da suna 13, daga A zuwa M, hukumomi 12 ke riƙe da su, da rassansu a birane masu yawa. Su ba su san bankinka ba, sai su ce masa, tun da sunan ya ƙare da .ng, je ka wurin masu riƙe da littafin Nijeriya, watau ƙungiyar NiRA wadda aka kafa a 2005. Can kuma a ce masa je ka wurin akawun bankin da kansa, shi zai ba ka lamba. Kamar dai neman mutum daga hakimi zuwa dagaci, daga dagaci zuwa mai unguwa. Ɗan aike ya dawo da lamba, ya ajiye kwafi na ɗan lokaci don kada ya sake wahala. Duk wannan kafin ka ƙifta ido.

YADDA AKA RABA GANDAYE

Tsohuwar lamba, wadda masana su ke kira IPv4, a 1981 aka tsara ta. Kashi huɗu gare ta da ɗigo a tsakani, kamar 192.0.2.33, jimlar abin da za ta iya bayarwa kuwa 4,294,967,296 ne. A lokacin ba wanda ya zaci kowane mai tura baro zai riƙe na'ura a aljihu. Yau mutanen duniya sun haura biliyan 8 tun 2022.

Amma ba ƙarancin kaɗai ke ba ni haushi ba, har da rabon. An yanka lambobin nan gandu 256, kowane gandu yana da lamba 16,777,216. Waɗanda su ke zaune kusa da tukunya su suka fara ɗiba. Jami'ar MIT ita kaɗai ta sami gandu guda, kamfanin mota na Ford guda, kamfanin Apple guda, Ma'aikatar Tsaron Amurka kuwa fiye da goma. Hukumar da ke raba wa Afirka, watau AFRINIC mai mazauni a tsibirin Morishus, sai a 2005 aka amince da ita, abin da ta samu kuwa gandu huɗu ne, sai 'yan ragowa daga tsohon rabo. Gandu huɗu lamba miliyan 67 ke nan da 'yan kai, alhali mutanen Nijeriya kaɗai sun ninka wannan sau uku. Mu da muka san labarin gandun sarauta ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Ran 3 ga Fabrairu 2011, a birnin Mayami, aka raba gandaye biyar na ƙarshe, kowane yanki guda, rumbu ya zama wayam. Na Asiya ya shiga tsimi a shekarar, na Kudancin Amurka a 2014, na Arewacin Amurka ya ƙare a 2015, Turai ta ba da na ƙarshe a Nuwamba 2019, Afirka kuma ta shiga mataki na biyu na tsimi a Janairu 2020. Ku 'yan kasuwa kun san abin da ke faruwa in kaya ya yanke. A 2011 kamfanin Microsoft ya sayi lamba 666,624 daga wani kamfani da ya karye a kan dala miliyan 7 da rabi. Daga 1 ga Fabrairu 2024 kamfanin Amazon ya fara karɓar haya a kan kowace tsohuwar lamba, wajen dala 44 a shekara. Abin da aka ba waɗansu kyauta, mu da muka zo daga baya sai mu saya da dala. Ita kanta AFRINIC shari'a a kan tsofaffin lambobin nan ta kai ga rufe mata asusu a 2021, har kotu ta naɗa mata mai riƙo a 2023.

Dabarar da kamfanonin waya suka yi ita ce gidan haya. Su kan tara ɗaruruwan masu waya, ko dubbai, a bayan lamba guda, kowa ya fita ta ƙofa ɗaya. In ɗaya ya yi ɓarna aka rufe lambar, duk 'yan hayar an rufe su. Yana daga cikin abin da ya kan sa wani shafi ya tsare ka yana cewa sai ka nuna kai mutum ne, kai kuwa ba ka yi laifin komai ba. Manyan na'urorin da ke gadin ƙofar nan kuma ba kyauta a ke samunsu ba, kuɗinsu yana cikin katin da ka saya.

SABUWAR LAMBA DA ƁARIN DA KE TSAKANI

Sabuwar lamba, IPv6, an fito da ita a 1995, aka gyara a 1998, aka tabbatar da ita a 2017. Tsawonta ya ninka na tsohuwar sau huɗu, yawan abin da za ta bayar kuwa in an rubuta shi zai ci gurbi 39. Ba za ta ƙare a zamanin jikokin jikokinmu ba. Sai dai da ita da tsohuwar ba su jin harshen juna. Saboda haka aka ƙara layi na biyu a Rajistar Sunaye. Layin tsohuwar lamba sunansa A, na sabuwar kuwa AAAA, A huɗu, don tsawon nan nata. Waya mai hanya biyu ta kan yi tambaya biyu a kan suna guda. Ku lura, tambayar tana iya bin tsohuwar hanya ta dawo da sabuwar lamba, domin ɗan aike ba ya duba ko kana da hanyar zuwa gidan, nasa dai ya kawo lamba. A nan gizo ke saƙa.

Ko manyan ma sun yi nawa. Sai a 2004 aka rubuta sababbin lambobin akawunan Japan da Koriya ta Kudu a littafin tushe, sai kuma ran 4 ga Fabrairu 2008 aka rubuta na shida daga cikin akawunan tushe 13. A 2004 ma shawarar da masana suka bayar ita ce kowane suna ya ajiye akawu aƙalla guda a kan tsohuwar hanya, don kada rajistar ta rabu biyu, waɗansu su ga suna waɗansu ba su gani ba.

Ɓari na farko, akawu mai amsar banza. A 2005 masana suka rubuta rahoton waɗansu na'urorin rajista da in aka tambaye su layin A huɗu, maimakon su ce mutumin yana nan amma ba shi da sabuwar lamba, sai su ce babu mai wannan suna sam. Waɗansu kuwa su yi gum, mai tambaya ya yi ta jira. Duk akawun da ya yi haka a ofis korarsa za a yi, domin baƙo zai juya ya tafi alhali mai gidan yana ciki.

Ɓari na biyu, lamba tana nan amma hanya ta mutu. An tsara na'urori su fifita sabuwar hanya in sun sami lamba biyu. To, in wayar tana zaton tana da sabuwar hanya, ashe gada ta karye a gaba, sai ta tsaya tana ƙwanƙwasa, sakan 20, wani lokaci fiye da minti guda, kafin ta haƙura ta koma tsohuwa. Tsoron wannan ya sa kamfanin Google ya yi shekaru yana ba da sabuwar lambarsa ga kamfanonin da ya gwada ya yarda da su kaɗai. Ran 8 ga Yuni 2011 manyan shafuna suka haɗu suka gwada na awa 24, duniya ba ta tashi ba, ran 6 ga Yuni 2012 suka buɗe gaba ɗaya. A 2012 kuma aka fito da dabarar tsere, aka gyara ta a 2017: a saki sabuwar hanya tukuna, in rubu'in sakan ya wuce ba amsa a saki tsohuwa, wadda ta riga isa da ita za a yi aiki.

Dabara ce mai kyau, amma tana da illa guda, tana rufa wa mai laifi asiri. Tun da yawancin mutane ba su ganin jinkiri, ba mai kai ƙara, gadar kuwa ta zauna a karye. Ba kuma kowace manhaja ce ta iya tseren ba. Na gani da idona a ofishinmu. An kawo mana sabuwar na'urar raba intanet, wayoyi suna aiki sumul, amma tsohuwar manhajar da mu ke aika lissafi da ita sai ta daskare kowace safiya. Mako biyu muna zagin kwamfuta, mun kira mai gyara har sau biyu, ashe na'urar ce ke shelar tana da sabuwar hanya, layin da muka saya kuwa bai ɗauke ta ba. Da muka kai kuka ga masu layin, cewa suka yi mu kashe mu kunna.

Ɓari na uku, tafinta. Akwai kamfanonin waya a duniya da suka gaji da riƙon hanya biyu, suka bar masu layinsu a kan sabuwa kaɗai. To, ƙaƙa mai irin wannan layi zai isa bankin da ba shi da sai tsohuwar lamba? A 2011 aka tsara abu biyu. Ɗaya ɗan aike ne mai wayo, DNS64, wanda in ya tarar layin A huɗu ba komai, sai ya ɗauki tsohuwar lamba ya ɗinka mata riga, ya sa 64:ff9b:: a gabanta, ya miƙa wa waya kamar sabuwa ce. Ɗayan kuwa mai fito ne, NAT64, wanda in ya ga saƙo sanye da rigar nan sai ya tuɓe ta, ya haye da saƙon zuwa tsohuwar gaɓa.

Abin yana aiki, amma ku ji inda ya ke cizo. Tun Yuli 2010 aka fara buga hatimi a littafin tushe, tsarin da a ke kira DNSSEC, domin kada ɓarawo ya ba ka lambar gidansa da sunan bankinka. Lambar da tafinta ya ɗinka kuwa ba ta da hatimin mai suna, saboda haka na'urar da ke duba hatimi da kanta za ta ƙi ta, da gaskiyarta. Har wa yau, mai irin wannan layi in wani yaro mai gyaran waya ya sauya masa ɗan aike zuwa na waje don wai ya fi sauri, yana iya rasa tafinta, sunaye da yawa su ƙi buɗuwa. Sa'an nan manhajar da aka dasa mata tsohuwar lamba a ciki, wadda ba ta tambayar rajista, ita ma ta kan maƙale. Sai da aka ƙara wani faci a 2013, kamfanin Apple kuma ya kafa doka daga 1 ga Yuni 2016 cewa duk manhajar da za a kawo kantinsa sai ta iya aiki a sabuwar hanya kaɗai.

Ku duba da kyau, ɓarin nan uku tushensu ɗaya ne, watau aikin da aka yi rabi aka bari. In banki ya rubuta sabuwar lambarsa a layin A huɗu, kamfanin waya kuma ya shimfiɗa hanyar sosai, ba a bukatar tafinta, ba a bukatar mai fito, ba gidan haya.

ABIN DA ZA SU CE

Za su ce, Malam Akawu, ai abu yana tafiya, me ya kawo gaggawa? Za su ce kuma yawancin yankewar layi a ƙasar nan daga rashin wuta ne da yankewar igiya. Wannan na biyun gaskiya ne, ba na musu. Ran 14 ga Maris 2024 da igiyoyin ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna suka tsaya, ba ruwan lamba a ciki. Ba na so wani ya tashi daga karatun nan ya ce duk kuɗin da ya maƙale laifin rajista ne. Amma kasancewar rufi yana yoyo bai hana a toshe ramin ɓera ba.

Game da gaggawa kuwa, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A ma'aunin Google, masu zuwa masa ta sabuwar hanya sun kai kashi 40 cikin 100 a 2022. Indiya da Faransa da Jamus sun haura rabi, Nijeriya kuwa tana nesa da su. Indiya ba ƙasar attajirai ba ce, kamfanin Jio da ya buɗe a 2016 ne ya gina hanyarsa a kan sabuwar lamba, sauran suka bi. Gwamnatin Amurka, mai gandaye fiye da kowa, ta ba ma'aikatunta umurni a 2020 su koma sabuwar hanya. Gwamnatin Cek ta sa ranar 6 ga Yuni 2032 ta daina hidima a tsohuwa. Masu gandu suna tattara kaya, mu da ba mu da ko sheƙa muna zaune. Ranar da tsohuwar hanya ta zama kufai, wanda ya rage a cikinta shi zai biya kuɗin tafinta da na fito, kuɗin nan kuwa ba daga aljihun darekta zai fito ba.

Dattawanmu suna tune da ran 2 ga Afrilu 1972 da aka koma tuƙi a hannun dama, da ran 1 ga Janairu 1973 da naira ta gaji fam. An sa rana, an yi shela a rediyo da kasuwanni, an yi an gama. Ita ma intanet ta taɓa yin irin wannan ran 1 ga Janairu 1983, sa'ad da ta ke ƙarama. Yanzu ta girma, ba ta da sarki guda da zai sa wa duniya rana, saboda haka kowace ƙasa sai ta sa tata.

ABIN DA MU KE NEMA

Na farko, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta wajabta wa kowane kamfanin waya ya ba kowane mai layi sabuwar lamba tare da tsohuwa, ba tare da ƙarin ko kwabo ba, ta sa rana, ta kuma riƙa buga sakamakon kowane kamfani a jarida kowane wata uku.

Na biyu, duk sunan gwamnati mai ƙarewa da .gov.ng, da na bankuna, da na hukumomin jarrabawa, a cika masa layi biyu, A da A huɗu, a buga masa hatimi, akawunan da ke riƙe da shi kuma a same su ta hanya biyu. Kada kuma a rubuta lamba sai an gwada hanyar, gama da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Na uku, gwamnati ta daina sayen na'ura ko manhajar da ba ta jin sabuwar lamba, a kuma hana mai da kasuwanninmu jujin kayan da waɗansu ƙasashe suka yar. Na'urorin cirar kuɗi da ke hannun 'ya'yanmu a bakin kasuwa su ma a duba su.

Na huɗu, a koyar da wannan a makarantun fasaha, a kuma yi bayaninsa da Hausa a rediyo, domin masu gyaran waya su san abin da su ke taɓawa.

Ku kuma 'yan'uwa akwai naku. In za ku sayi na'urar raba intanet a shago, ku tambaya ko tana ɗaukar IPv6, in mai shago ya ce bai sani ba ku ce ya tambayo. In kuna da shafin kasuwanci, ku tambayi wanda ya gina muku ko ya cika layin A huɗu. Kada ku bari a sauya muku ɗan aike a waya sai an gaya muku dalili, kun kuma rubuta yadda ya ke a da. Shugabannin ƙungiyoyin kasuwa su sa maganar nan cikin takardar kokensu, su tambayi wakilansu a majalisa ranar da aka sa. In sun ce ba su san zancen ba, ku ba su wannan jarida su karanta.

An yi rabon farko ba mu nan, ba laifinmu ba ne. Wannan na biyu kuwa ana yin sa muna raye, rumbun kuma ya ishi kowa. In muka sake zuwa a makare, kada mu ce wani ya cuce mu.

Sai mako mai zuwa.